Bayan Gida a Cikin Ɗaki

Ɗakin da nake kwana a ciki yanzu ba don mutum aka gina shi ba. Sito ne. Marigayi maigidana ya gina shi a shekarar da muka daina zuba gero a rumbu, lokacin da ɓarayi suka koyi huda rumbu ta gindi. Yana can ƙuryar gida, bayan madafa, sai an bi wani siririn lungu da mace mai ƙiba ba ta wucewa sai ta karkata. Ƙofarsa katangar maƙwabta take kallo. Taga ɗaya gare shi, can sama, ba ta fi faɗin faifai ba, ita ma don iska aka yi ta.

Na fi shekara talatin makullinsa na ƙulle a bakin zanena. A ciki akwai gero da dawa daga gonarmu ta hanyar Mai'adua, da wake a durom an bi shi da toka saboda ƙwari, da busasshiyar kuɓewa, da kuka, da tukunyar daddawa, da akumarin wani jaki da ya mutu tun yarana na ƙanana, wanda maigidan ya hana a yar. Kowace safiya ni ke buɗewa, in auna abin da za a daka, in rufe.

Ɗakina na asali kuwa yana jikin zaure, ƙofarsa na kallon tsakar gida. In na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, babu abin da zai motsa a gidan nan ban gani ba: mai shigowa, mai fita, murhu, randunan ruwa, turken awaki, har hanyar bayan gida da ke can ɗaya kusurwar. Ni ba mai surutu ba ce, kallo nake yi. Ina sanin akuya ba ta da lafiya tun kafin ta ƙi dusa. Ina sanin wanda ya yi ƙarya daga yadda ya ajiye takalmi. In mace ta shigo ɗiban wuta alhali tsegumi ne ya kawo ta, tun daga sallamarta nake ganewa. Ba na magana sai abu ya kai a yi magana, in na faɗa kuma ba na maimaitawa. Ban ce ana sona saboda haka ba. Amma gidan yana tsaye.

A shekarun da aka fara shari'a, lokacin da duk rediyon da ka kunna malamai ne ke musu a ciki, aka sauya wa babban ɗana wurin aiki daga Katsina zuwa nan Daura. Ya dawo gidan ubansa da matarsa da 'ya'ya uku. Ya dawo da gemu, da wando iya ƙwauri, da abokai masu zama da littattafai bayan la'asar. Ya daina bin limamin unguwarmu salla, tsohon da ya raɗa masa suna, ya koma wani masallaci na bakin titi. Ban tanka ba. Ɗan fari ne. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na yi hira da shi ba, ban taɓa cin abinci yana kallo ba. Haka aka raine mu. Ban ga aibun abin ba sai da na tsufa, na ga cewa mutumin da zai yanke yadda zan ƙarasa kwanakina shi ne wanda ba zan iya buɗe baki in ce masa ba na so ba.

Matarsa ba muguwa ba ce, kada a ce na ce. 'Yar boko ce, mai tsabta, mai saurin aiki, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Abin da ba ta iya jurewa kawai shi ne ido. In tana tankaɗe ta ɗago ta ga ina kallo, sai hannunta ya rikice, gari ya zube. Na san haka, kuma ban daina ba.

Wata damina da hantsi, an yi ruwa an ɗauke, na ɗauki buta zan zaga, santsi ya kwashe ni. Ban faɗi ba. Gwiwa ɗaya na kai ƙasa, na dafa katanga na miƙe. Da na waiga sai ga ta a bakin madafa da muciya a hannu. Ni da na shekara ina ganin mutane, sau ɗaya aka gan ni, sau ɗayan nan kuma ya isa.

Bayan kwana uku ɗana ya zo ya durƙusa a bakin ƙofata. Yana kallon ƙasa, ina kallon awaki, haka muke magana tun yana saurayi.

"Inna, mun yi shawara."

"Ku da wa?"

"Ni dai. Wannan sito, ai yanzu ba a zuba abin kirki a ciki. Za a gyara miki shi, a yi siminti, a sa silin, a yi miki bayan gida a ciki, har da famfo. Ba sai kin riƙa fitowa ba."

"Bayan gida a cikin ɗaki."

"Haka ake yi yanzu, Inna."

"To me ya sa ake ce masa bayan gida?"

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake yi. Sannan ya ce wannan ɗakin nawa za a toshe ƙofarsa ta ciki, a fasa wata ta waje, ya zama na baƙi maza, tunda zauren ya yi wa abokansa kaɗan, kuma bai dace muryar mata tana kai wa gare su ba. Ya ce duk don hutuna ne.

Na ce, "To."

Abin da ke bakina ba shi ne to ba. So nake in ce masa in aka ɗauke ni daga bakin ƙofar nan an ɗauke ni daga gidan, ko da ɗakin zinariya za a kai ni. Amma uwa ba ta roƙon ɗan farinta. Ya miƙe, ya kaɗe gwiwa, ya tafi yana ganin an gama.

Da kaka ta yi aka fara. Aka kwashe hatsin aka kai wani ɗaki a sashen matar ɗana, aka raba tsofaffin tukwane, akumarin nan aka jefa shi bola. Ba wanda ya karɓi makulli daga hannuna. Ƙofar suka cire gaba ɗaya, da kwaɗon a jikinta, suka jingine ta a bayan turken awaki.

Magina suka zo suka ja bulo suka yanke kashi ɗaya cikin uku na ɗakin, ta ɓangaren yamma. Ɗakin da ma bai kai ya kawo ba. Abin da ya rage gado ne da wurin shimfiɗa abin salla, sai ɗan taku biyu. A bayan bangon yamma, ta waje, suka haƙa rami mai zurfi suka ce sokawe ne, nan ƙazanta za ta riƙa tafiya. Ni kuwa kullum na gama lazimi sai in kifa turmi a bakin lungun in zauna. Ba wanda ya gayyace ni. Ban san zanen da suke dubawa a takarda ba, ko baƙi ban sani ba balle zane, amma na san gini tun ana yin sa da hannu da ƙafa.

Daga ƙarshe aka kawo mai aikin famfo, wani magidanci mai fara'a da yawan magana. Ya zo da masai na tangaran, fari fat, irin wanda ake zama a kai kamar kujera. Ɗana ne ya zaɓi irin wannan saboda gwiwata. Mai famfon ya gwada nan, ya gwada can, ya ga in ya jingina bayan masan da bangon yamma bututu zai fita kai tsaye zuwa ramin ba tare da lanƙwasa ba. Sai ya jingina shi haka.

Tun kafin ya sake shi na gani. In bayansa na yamma, mai zama a kai gabas zai dosa. Alƙibla sak.

Da azahar ta yi ya ari butata ya yi alwala, ya shimfiɗa buhun siminti a cikin ɗakin ya ta da salla. Daga inda nake ina hangen su biyun ta ƙofar da ba a sa wa ƙyaure ba, shi da masan, fuskarsu wuri ɗaya, kamar suna sahu. Allah ya yafe mini, na kusa yin dariya. Bai lura ba. Ya shafa addu'a ya koma kwaɓa siminti.

"Hajiya, ya yi ko?"

Ban je Makka ba, amma yanzu duk mai furfura Hajiya ce. Na ce, "Kai ne mai aiki."

"Wallahi Hajiya, ko gidan gwamna iyakar abin ke nan."

"Ban taɓa zagawa a gidan gwamna ba."

Ya tuntsire da dariya ya ce tsohuwar nan akwai baki.

Zan faɗi gaskiya a kan kaina, tunda na faɗa a kan wasu. Da na yi magana a ranar, da kafin la'asar mai famfon ya juya shi, ɗaki ya fita ba aibu, ni kuma sai tafiya. Sai na yi lissafi. In na bari siminti ya kama, aka shimfiɗa tayil, aka yi fenti, sannan na faɗa, to sai an fasa ƙasa an fasa bango. Wanda ya gaji da aiki ba ya son fasawa. Zai ce a bari sai bayan salla, daga nan sai bayan damina, daga nan sai a manta. Kuma wannan ɗa nawa, wanda ya hana mu kiɗan ƙwarya ranar suna, wanda ya ce a cire layar da ke saman ƙofar zaure, ba zai iya sa uwarsa ta fuskanci alƙibla da ƙazanta ba. Na samu maganar da zan iya faɗa masa ba tare da na roƙe shi ba. Kwana tara ina zaune a kan turmi ina kallon siminti na bushewa, bakina a rufe.

Ranar da aka gama, matan unguwa suka shigo kallo. Matar ɗana na gaba tana nuna musu. Ta murɗa famfo ruwa ya zubo, ta danna wani abu a bayan masan ruwa ya yi ƙugi ya tafi, mata suka ja da baya suna salati. Wata maƙwabciyata, abokiyar wasata ce tun muna da ƙuruciya, ta ce, "Ke tsohuwa, ɗakin amarya aka yi miki, saura lalle. Ko akwai wanda ya yi magana ne ba mu sani ba?"

Na bari suka gama dariya. Sannan na ce wa matar ɗana, "Zauna a kai."

"Na'am, Inna?"

"Zauna, da zanenki. Ban ce ki yi komai ba."

Ta dube su, ta dube ni, ta zauna a ɗofane.

"Ina kika dosa?"

Ta kalli bangon gabanta, ta kalli taga, ta kalli inda rana take. Abokiyar wasan nan tawa ce ta fara dafe ƙirji. "Innalillahi! Gabas!" Matar ɗana ta miƙe zumbur kamar ta zauna a kan garwashi. Kafin magariba unguwa ta ɗauka, wai gidan mai wa'azi an yi masai yana kallon alƙibla.

Washegari ɗana ya zo, bai durƙusa sosai ba.

"Inna, kina gani aka yi aikin nan."

"Ina gani."

"Ba ki ce komai ba."

"Ba a tambaye ni ba."

Wannan ba gaskiya ba ce, mai famfo ya tambaye ni. Na ga jijiyar wuyansa na motsi irin ta ubansa. Ya tafi. Na kwana biyu a ɗakina ina jin daɗi. Har na sa aka wanke mini labule.

A rana ta uku, bayan la'asar, na ji ana cewa a gafara, a gafara, mata su kimtsa. Sai ga shi ya shigo da limamin unguwa, tsohon nan da ya shekara bai bi shi salla ba, yana riƙe masa da sanda, yana cewa a hankali Malam, akwai tudu. Da na gan su na san an ci ni, ko da yake ban san ta ina ba.

Na tsuguna daga nesa muka gaisa. Liman abokin maigidana ne, shi ya yi masa salla. Ya shiga lungun yana dafa bango, ya leƙa, ya dubi masan, ya fito ya dubi sama, ya yi gyaran murya.

"Hajiya, idonki bai yi ƙarya ba. Gabas yake kallo."

"To."

"Sai dai hanin nan, malamanmu sun ce a fili yake, a daji ko a gona, inda babu abin da ya tsare mutum. Amma a cikin gini, ga bango, ga wani bangon, babu laifi."

"Bango na tare alƙibla, Malam? To mu da muke salla a cikin ɗaki, ina muke dosa?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Kai! Da kin yi karatu da mun shiga uku. Amma hukuncin dai shi ne wanda na faɗa miki, haka muka karanta, haka iyayenmu suka karanta. In zuciyarki ba ta kwanta ba, ki ɗan karkace in kin zauna."

In karkace. Shekaruna sun kai haka, ana koya mini zaman masai a gaban ɗana, shi kuma yana kallon ƙasa yana cewa na'am, Malam, Allah ya ƙara sani.

Da za su fita, ɗana ya yi gaba don ya gyara masa takalmi, Liman ya ɗan tsaya kusa da ni ya rage murya. "Hajiya, na san ki tun kina amarya. Ba gabas ce ta dame ki ba."

Na ce, "Malam, a gaida gida."

Daga baya na ji a bakin wata mata wadda mijinta ke cikin masu zaman karatun, cewa can wajen nasu malaman ɗana ya fara zuwa. Su suka ce masa ko a cikin gini ma a kauce, gara a fasa a juya. Da amsar ba ta yi masa ba sai ya tuna da tsohon da ya raɗa masa suna. Na riƙe wannan magana a cikina kwana da kwanaki. Amma sai in tsaya a gaban ɗan farina in ce masa ya yi son kai da addini? Ban iya ba. Kuma wace ce ni? Na ga laifi da idona na bar siminti ya bushe a kansa.

Aka kwashe ni. Gado ya shiga, adaka ta shiga, jerena na tasoshi da kwalla bai samu wuri ba, na raba wa 'ya'yana mata tun ina raye. Kafin sati an toshe tsohuwar ƙofata da bulo an shafe. Inda nake shimfiɗa tabarma ya zama bango.

Sabon ɗakin yana da kyau, ban hana shi kyansa ba. Ƙasa santsi, sama fari. Amma in damina ta kama, warin daddawa na fitowa ta cikin fentin. Kuma wurin da tun muna yara ake ce mana a shiga da hagu, kada a yi magana, kada a ambaci Allah a ciki, ga shi an kawo mini shi taku biyu daga matashina. Ina jan carbi ina kallon ƙofarsa. Na rasa inda ɗaki ya ƙare, inda shi ya fara.

Wata biyu ban zauna a kan masan ba, ko a karkace. Tsohon bayan gidanmu yana nan a kusurwarsa, na ci gaba da ɗaukar buta ina ratsa tsakar gida. Sau biyar, sau shida a yini. Wani lokaci babu abin da nake ji, in shiga in tsaya, in zubar da ruwan butar in fito. A hankali nake tafiya, gwiwa ta ba ni hujja. Tafiya da dawowa sun ishe ni in ga an bar randa a buɗe, in ga ƙaramar jikata na susar kai, in ga wutar murhu ta yi yawa. In faɗi kalma ɗaya in wuce. Da haka na ɗan riƙe gidan da bakin buta.

Sai aka yi wa sashen matar ɗana nasu bayan gidan, na zamani, wannan karon yana kallon kudu. Ɗana ya ce tsohon ramin ya kusa cika, yana kawo wari da sauro. Aka cike shi da ɓaraguzan ginin, aka daɓe, aka kafa ƙarafa aka ɗora tankin ruwa a kai. Ya ce don ni ne, don ruwa ya riƙa hawa famfona.

Na gwada ɗaukar tabarma in zauna a tsakar gida haka kawai. Nan na koyi abin da ban sani ba duk tsawon rayuwata. Mace a bakin ƙofarta zama take yi, ba mai tambayarta dalili. Mace da ta ɗauko tabarma daga lungu ta shimfiɗa tana fuskantar ƙofar wata, gadi take yi. Da na zauna sai matar ɗana ta bar abin da take yi ta zo ta durƙusa.

"Inna, kina son wani abu ne?"

"A'a."

Bayan ɗan lokaci ta sake zuwa. "A kawo miki fura ɗaki?"

Ba da rashin kunya take yi ba, da ma da rashin kunya ne da na san yadda zan yi da ita. Yini uku na jure tambayar nan. A na huɗu ban fito ba, kuma ba wanda ya zo ya ce me ya hana.

Daga nan gidan ya koma mini sauti. Ina jin ƙarar babur ɗin ɗana, ina jin kukan awaki har aka sayar da su na daina ji. Daka ma aka daina, inji ake kaiwa. Jikoki su leƙo da safe su ce ina kwana su ruga. Tankin nan kuwa ruwan gari ba ya zuwa sai ya ga dama, famfona ya bushe, sai ya zama kowace safiya matar ɗana ke ɗebo mini bokiti biyu daga randa, ta ratso lungun da su, ta shiga ta juye a baho. Ta ce ina kwana Inna, in amsa fuskata na kallon bango. Fushi nake yi. Na ce a raina tunda ba a son idona, to na ɗauke shi.

Haka muka yi watanni. Wani sati sai ta daina zuwa, wata 'yar uwarta ce ta riƙa kawo ruwan. Na tambaya, aka ce ta je gidansu. Na ce to.

A ƙarshen satin ƙanwata ta zo daga Sandamu. Ita ba ta iya shiru ba tun tana yarinya. Ta shigo tana haki, ta yar da mayafi a kan gado, ta leƙa bayan gidan ta taɓe baki.

"Yaya, wannan ɗaki naki kamar na asibiti. Nan ne mai kallon gabas ɗin? Har garinmu an ji. To ya ake ciki, kina karkacewar?"

"Zauna ki sha ruwa, bakinki ya huta."

Ta sha, ta ajiye kofi. "Ya mai jikin? Da ma ita na zo dubawa, na ce bari in fara gaishe ki kada ki ce na raina ki."

"Wace mai jikin?"

"Surukarki mana. Ɓarin da ta yi."

Na dube ta.

"Yaya, wasa kike yi? Wata huɗu aka ce. Kwana biyu ta yi a asibiti, har jini aka ƙara mata. Ƙanwar uwarta ai maƙwabciyata ce, ita ta faɗa mini." Ta tsaya, ta rufe baki da hannu. "La'ilaha illallahu. Ba ki sani ba."

Magana ta hau mota ta je Sandamu ta dawo, ba ta ratso lungun bayan madafa ba.

Da ina bakin ƙofata, a sati na uku zan gane. Daga yadda za ta kauce wa ƙaurin albasa, daga tofar da yawu, daga yadda za ta dafa ƙugu in ta miƙe daga tsugune. Na gane wa matan da ba nawa ba ma, tun kafin mazansu su sani. Da na hana ta ɗaukar ruwa, ko da tsawa ce. Ban ce bokitin ne ya jawo ba, Allah kaɗai ya san abin da ya rubuta. Amma wata huɗu tana shigowa ɗakina da bokiti biyu, taku biyu tsakanina da ita, ni ina kallon bango.

Na miƙe na fita, ko mayafi ban ɗauka ba. Na ratsa tsakar gida na ɗaga labulenta, ɗakin da ban taɓa shiga ba tun da ta tare. Tana kwance, ta yi fari, leɓenta ya bushe. Ta yunƙura za ta tashi.

"Inna, ai da kin aiko."

"Kwanta."

Na zauna a ƙasa kusa da gadon. Na dubi fuskarta, ta rame fiye da yadda na san ta.

"Ana gasa miki jiki?"

"An dai ba ni magani."

"Me ya sa ba a faɗa mini ba?"

"Shi ya ce kada a tayar miki da hankali, a bar ki ki huta." Ta murza bakin zanen rufa. Sannan ta ce, "Cikin kuma na ɗauka kin sani, Inna. Ai ke ba a faɗa miki abu. Kullum in na kawo ruwa ina jira ki ce in ajiye."

Na tashi na fita na hura wuta.

Kwana bakwai ni ke riƙe da murhu. Na dafa ruwa da ganyen darbejiya na gasa mata jiki safe da yamma, na dama mata kunun kanwa, na tsefe kan jikata na kashe ƙwarƙwatar da na san tana nan. Na sa aka rufe randuna. Ɗana ya shigo ya gan ni da muciya, ya buɗe baki, na ci gaba da tuƙi, ya rufe. Gwiwata ta kumbura, ban faɗa wa kowa ba. Ba zan ɓoye ba, cikin kwanakin nan, da jinin jikan da na rasa bai gama bushewa ba, akwai lokacin da na ji daɗi.

A rana ta takwas ta fito ta ɗaura zane, ta durƙusa ta yi mini godiya har da hawaye. Sannan ta miƙa hannu biyu ta karɓi muciyar, kamar yadda ya kamata, tunda murhunta ne.

"Inna, kin wahala da yawa. Ki je ki huta."

Na tsaya a tsakar gida ina dube-dube, ina neman abin da zan ce shi ya tsayar da ni. Randuna a rufe suke, wuta daidai take, an share ko'ina. Ban samu ba.